Tsintsiya Ta Riga Jandarma Zuwa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa.)

Ina gaishe ku mutanen Dogo da ƙauyukan da ke kewaye da ita, na tudu da na fadama. Ina gaida masu kama mu daga Guna, da Mirya, da Bande, da Magarya, har cikin birnin Damagaram. Iyayenmu masu gari, Allah ya ƙara girma. Malamanmu, a gafarce mu. Iyaye mata, sannunku da aiki.

Maganarmu ta yau a kan wani karatu ce da ake koya wa jandarmomi da 'yan sanda, wato ilimin binciken laifi ta hanyar kimiyya: yadda ake sa sawu, da jini, da zanen yatsa, da wayar salula su faɗi abin da ya faru a wurin da babu wanda ya gani. Na san wani yana jingine da bangon zaurensa yanzu yana cewa, ni da nake noman hatsi da rake, ina ruwana da karatun jandarma? Baba, ka ba ni aron kunnenka, zan fara da abin da na yi da hannuna, abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Shekarun baya, ina saurayi, kawuna yana da ɗan kanti a bakin tasha, a wani gari da ba zan kama sunansa ba. Sukari ne, da ganyen shayi, da sabulu, da batir, da taliya, abin rufin asiri dai. Wata rana da asuba mai gasa burodi ya wuce ya ga ƙofa a wangale. Kafin a sallame salla gari ya ɗauka. Kowa ya zo jaje, kowa kuma sai ya leƙa ciki ya gani da idonsa. Kwaɗon da aka ɓalle ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ya jujjuya ya ce kai, wannan aikin gwani ne, ya miƙa wa na kusa da shi. Guntun ƙarfen da aka banƙare ƙofar da shi, wani yaro ya ɗauke yana wasa. Matar kawuna kuwa, da ta ji an ce an aika kiran hukuma, sai ta ga abin kunya ne baƙi su tarar da ƙofar shago kaca-kaca, ta ɗauko tsintsiya ta share tas, har da yayyafa ruwa. A kan teburin shagon akwai kwalbar lemo da ɓarawon ya fasa, ya sha rabi, ya ajiye. Ni ne na ɗauke ta, na zubar da sauran, na ɗauraye, na mayar da ita cikin 'yan'uwanta.

Da hantsi jami'ai biyu suka iso a kan babur. Babban cikinsu ya tsaya daga nesa, ya dubi ƙasa, ya dube mu, ya ce, "Wa ya taɓa wani abu a nan?" Muka yi tsit. Ya girgiza kai ya ce, "Kawu, kun yi jaje, kun kuma yi wa ɓarawo aikinsa."

Da babu sawu babu alama, sai zato ya samu wurin zama. Aka ce an ga wani yaro ɗan dako da sabon takalmi. Samari suka tare shi a bayan tasha suka lakaɗa masa duka. Bayan wata uku aka kama wasu mutane a wani gari da sauran kayan kawuna, babu abin da ya haɗa su da yaron nan. Shi kuwa ya riga ya bar garin, bai sake dawowa ba. Hausawa sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Namu ma ƙarya ya zama.

To wannan jami'in, me yake nema a ƙasa? Me ya sani wanda mu ba mu sani ba?

Abin da ya sani tsoho ne ƙwarai. Malamanmu suna karanta mana ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, a wurin tafsiri duk watan azumi. Da aka yi masa ƙazafi a gidan da ya tashi, magana ta zama tasa da ta matar gidan, babu na uku. Sai wani daga danginta ya ce a duba rigar, a ga ta inda ta yage, ta gaba ko ta baya. Aka duba, aka tarar ta baya ce, gaskiya ta fito. Riga ce ta ba da shaida. A ƙasar Sin kuma, a shekarar 1247, wani ma'aikacin shari'a mai suna Song Ci ya rubuta labarin wani mutum da aka kashe a ƙauye, raunukansa irin na lauje. Mai bincike ya sa kowane magidanci ya kawo laujensa a jera a rana. Duk laujunan a goge suke, amma ƙudaje suka bar sauran suka taru a kan guda ɗaya, domin ido ba ya ganin ragowar jini, hancin ƙuda kuwa yana ji. Mai laujen ya amsa laifinsa.

Mu ma nan ƙasar Damagaram ba baƙin abin ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birni da ganuwa, Damagaram ta kasance mahaɗar ayari tsakanin Agadas da Kano da Borno, kuma duk inda raƙuma da shanu suke da yawa akwai masu bin sawu. Har gobe akwai dattawan da za su dubi rairayi su gaya maka raƙumin nan da kaya yake tafe ko babu, jakin nan yana ɗingishi da ƙafar hagu, mai korar awakin nan gudu yake yi. In an yi ɓarnar gona da damina, ai sawun dabbobi ake bi kafin mai gari ya zauna sulhu tsakanin manomi da makiyayi. Abin da zamani ya ƙara a kan wannan shi ne awo, da hoto, da rubutu, da ɗakin gwaje-gwaje, yadda alƙalin da bai je wurin ba zai iya dubawa da kansa. Wani likita Bafaranshe, Edmond Locard, shi ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Lyon a 1910, kuma tushen karatunsa shi ne duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wani abu nasa, sai kuma ya tafi da wani abu na wurin, ko da ƙura ce a tafin takalmi.

A nan Nijar, 'yan sanda suna da makarantarsu ta ƙasa a Yamai, jandarmomi ma suna da tasu. A ƙarƙashin hukumar 'yan sanda akwai sashe na musamman na binciken kimiyya, wanda a takardun gwamnati ake kira police technique et scientifique. Bayan horon farko, ana kiran ma'aikata lokaci lokaci su koma aji, abin da su kansu suke ce wa formasiyo. Daga 2012 wata tawagar Tarayyar Turai mai suna EUCAP Sahel Niger ta yi shekaru tana ba da irin wannan horo da kayan aiki, har zuwa watan Disamba na 2023 da hukumomin ƙasarmu suka kawo ƙarshen yarjejeniyar. Hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ita ma ta kawo wani tsari na adana bayanan masu laifi a kwamfuta domin ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka fara da su. Mu mutanen karkara, jandarma ne ya fi kusa da mu, shi ake kira in abu ya faru. Daga cikinsu akwai waɗanda doka ta ba ikon yin binciken shari'a, wato anket, a ƙarƙashin kulawar mai gabatar da ƙara na gwamnati. Su ne aka fi bai wa wannan karatu.

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan horon da ake bai wa masu binciken laifi. Bari mu shiga ajin tare da su, mu ga abin da ake koya musu.

Darasin farko, wanda malamansu suka fi nanatawa, shi ne tsare wuri. Ana koya wa jami'i cewa in ya iso, ya fara duba ko akwai mai rauni da za a ceta, domin rai ya fi kowace shaida. Bayan haka sai ya kewaye wurin da igiya, ya fitar da kowa, ya zaɓi hanya guda wadda ta nan kaɗai za a riƙa shiga da fita. Ya sa safar hannu, ya rufe baki da hanci, don kada gumi ko yawunsa ya gauraya da na wanda ake nema. Ba ya ɗaga komai sai ya ɗauki hoto sau uku: daga nesa yadda za a ga wurin duka, daga tsaka-tsaki, sannan daf da abin, da ɗan ma'auni a gefensa don a san girmansa. Ya zana taswirar wurin a takarda, ya ba kowane abu lamba. In kun ga jami'i ya hana mai gida shiga ɗakinsa, kada ku ce wulaƙanci ne, abin da aka koya masa ke nan.

Darasi na biyu, zanen yatsa. Ɗan'uwa, ɗaga babban yatsanka ka duba a haske. Waɗannan siraran layukan tun kana cikin mahaifiyarka Allah ya zana su, kuma da su za ka koma. Ba a taɓa samun mutum biyu masu zane iri ɗaya ba, har tagwayen da uwarsu ke rikita su. Zanen yakan zo kashi uku: mai lanƙwasa ya dawo, mai nannaɗe kamar faifai, da mai ɗan tudu kamar kunyar gona. Fatar mutum kullum tana fitar da gumi da maiƙo, shi ya sa duk abu mai santsi da ka taɓa, kwalba ko gilashi ko ƙofar ƙarfe mai fenti, sai ka bar hoton yatsanka a kai, ko da ido bai gani ba. Jami'in yana da wata hoda mai laushi da buroshi mai taushi kamar gashin tsuntsu. Ya ɗan taɓa hodar, ya riƙa juya buroshin a hankali a kan kwalbar, sai ka ga layuka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki hoto, ya manna salatif a kai, ya ɗaga, ya liƙa a kati, ya rubuta rana da wuri. In takarda ce, akwai wani ruwan magani da ake fesawa, zanen ya fito da launin shunayya. In leda ce, ana turara ta da tururin gam ɗin nan mai kamawa nan take, zanen ya fito fari. Kun ga kwalbar lemon nan da na wanke? Da sunan ɓarawon a jikinta, ni na goge.

Wannan hanya ta fara kama mai kisa a ƙasar Ajantina a 1892. An kashe yara biyu a garin Necochea, uwarsu ta ce maƙwabcinta ne. Aka kama mutumin, aka azabtar da shi, ya ce shi bai aikata ba. Sai wani mai bincike ya ga shatin yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanko guntun katakon, aka gwada bisa tsarin wani jami'i mai suna Juan Vucetich. Yatsan uwar ne. Da duka aka dogara, da an hallaka marar laifi.

Darasi na uku ya shafi sawu. A nan jami'i mai hankali yakan zama ɗalibin dattijon ƙauye. Abin da ya ƙara da shi, yana auna sawun, ya ɗauki hotonsa, sannan ya dama garin filasta irin wanda ake ɗaurin karaya da shi a asibiti, ya zuba a cikin sawun a hankali. In ya bushe sai ya ɗago shi kamar waina, ga siffar takalmin nan duka, har inda ya cinye da inda ƙusa ta huda. Takalma dubu suna fitowa daga masana'anta iri ɗaya, amma kowa da irin takunsa, kowane takalmi da irin cinyewarsa. Haka tayar babur.

Darasi na huɗu, jini da abin da ke fita daga jikin mutum. A cikin jini, da yawu, da saiwar gashi akwai ƙwayar halitta da ake kira ADN, 'yan'uwanmu na Najeriya suna cewa DNA. Kowa da tasa, in ban da tagwaye masu kama ɗaya. Wani masani ɗan Ingila, Alec Jeffreys, shi ya gano yadda ake bambance mutane da ita a 1984, a jami'ar Leicester. Ku ji abin da ta fara yi a gaban 'yan sanda. An kashe 'yan mata biyu a wannan yanki, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Aka kama wani yaro ɗan shekara 17, aka yi ta tambayarsa har ya amsa cewa shi ya kashe ta biyun. Da aka gwada jininsa, sai aka ga ba shi ba ne. Aka sake shi. Sai da aka gwada maza wajen 5,000 kafin asirin mai laifin na gaskiya ya tonu, aka yanke masa hukunci a 1988. Ku lura, aikin farko da wannan ilimi ya yi a binciken laifi shi ne wanke wanda ya amsa laifin da bai yi ba.

A ƙasa mai zafi irin tamu, ana jaddada wa jami'ai abu guda: tufa mai jini ba a ƙulle ta a leda. Danshi da zafi suna ruɓar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu, shaidar ta lalace. A inuwa ake shanya ta ta bushe, sannan a sa a jakar takarda, kowace tufa da jakarta.

Iyaye mata, a nan ina roƙon ku saurara da kyau, zan yi magana da ladabi. Idan aka ci zarafin yarinya, Allah ya tsare mana zuri'a, abin da zuciyar uwa ke fara ba ta shi ne ta yi mata wanka, ta wanke tufafin, ta rufe maganar. Inna, wankan nan yana tafiya da shaidar da za ta kama azzalumin. A kai ta asibiti yadda take, a riƙe tufafin ba tare da an wanke ba. Kuma akwai maganin da ke kare ta daga cutar sida, wanda ba ya aiki sai an fara shi kafin awa 72 su cika. Kunyar ta wanda ya aikata ce, yarinya ba ta da laifi.

Darasi na biyar, gawa. Addininmu ya koya mana gaggauta suturta mamaci, kuma haka ya dace. Amma in an tsinci mutum a daji, ko a rijiya, ko a ɗaki cikin yanayin da hankali bai kwanta da shi ba, a bari likita da jami'i su gani kafin a yi wanka. An koya musu karanta abubuwa da yawa: jiki yakan fara sandarewa bayan 'yan awoyi, jini yakan kwanta a ɓangaren da ke ƙasa ya bar shati, wanda ke nuna ko an juya gawar ko an ɗauko ta daga wani wuri. Har tsutsar ƙuda tana nuna kwana nawa aka yi. Jinkirin awa biyu ko uku ba ya hana a yi jana'iza a ranar, amma yana iya hana a binne gaskiya tare da mamaci.

Sauran darussan zan bi su da sauri. Akwai na bindiga: cikin bututun bindiga akwai tsagi da ke barin zane a jikin harsashi, ɓawon harsashin ma yana ɗauke da tabon bindigar da ta harba shi, don haka yaro kada ya tsinci ɓawo ya sa aljihu. Akwai na ƙwayoyi, yadda ake gwada tramol da sauran kayan maye a tabbatar da abin da ke cikinsu. Akwai na wayar salula, wadda a yau ta zama babbar mai ba da shaida, kuma tun 2019 ƙasarmu tana da doka a kan laifukan da ake yi ta waya da intanet. Ga wata dabara kyauta: kowace salula tana da lambarta mai alƙaluma 15, daban da lambar kira. Ka danna tauraro, da alamar tsani, da sifili, da shida, da alamar tsani, za ta fito. Ka rubuta ta ka ajiye a gida. Ranar da aka sace wayar, ita za a tambaye ka. In kuma wani ya yi maka barazana ko ya damfare ka ta saƙo, kada haushi ya sa ka goge saƙon.

Darasi na ƙarshe shi ne wanda ɗalibai suka fi jin gajiyarsa, wato rubutu. Duk abin da aka ɗauka a wurin laifi ana sa shi a jaka, a rufe, a buga hatimi, a rubuta wanda ya ɗauka, da rana, da awa. Duk hannun da jakar ta shiga, daga birgad, wato ofishin jandarma, zuwa ɗakin gwaji zuwa kotu, sai mai hannun ya sa hannu a takarda. In aka samu giɓi ko guda, lauya zai tashi a gaban alƙali ya ce wa ya san abin da aka sa ko aka cire a tsakani? Shi ke nan, wahalar wata shida ta tashi a banza.

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Jama'a, kada in zuga abin ya wuce kima. Masu wannan ilimi mutane ne, suna kuskure. A Jamus 'yan sanda sun shafe shekaru suna neman wata mata da aka riƙa samun ƙwayar halittarta a wuraren laifi kusan 40, har da kisa. A 2009 aka gano babu wata mai laifi: matar ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar da ake shafo shaida da ita. A 2004, bayan harin bam a jiragen ƙasa na birnin Madrid, hukumar FBI ta Amurka ta ce zanen yatsan da aka samu na wani lauya Musulmi ne ɗan ƙasarta. Aka tsare shi mako biyu, sai 'yan sandan Sifen suka nuna na wani mutum ne daban, hukumar ta nemi gafara. In manya masu kuɗi da na'urori sun yi tuntuɓe haka, to horo ba abin da ake yi sau ɗaya a rataye takarda a bango ba ne. Sai ana maimaitawa, sai kuma wani ya duba aikin wani.

Mu kuma muna da namu nauyin. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, shaidar da ke buƙatar babban ɗakin gwaji sai ta yi wannan tafiya. Hoda tana ƙarewa, safar hannu tana ƙarewa. A horar da jami'i yau, gobe a yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da iliminsa. Iskar hunturu tana shafe sawu kafin a kai ga kiran waya, ranar bazara tana busar da zanen yatsa. Tun da baƙin da ke ba da horo sun tafi, abin da ya rage shi ne namu su koyar da namu, kuma a kawo horon kusa. Damagaram tana da babban asibitin ƙasa, tana da kotun ɗaukaka ƙara, tana da Jami'ar André Salifou. Garin da ya tara likita da alƙali da malamin kimiyya bai rasa waɗanda za su zauna da jami'an bincike a aji ɗaya ba. Wannan kira ne ga shugabanninmu da wakilanmu, cikin girmamawa.

Me ya sa na damu da abin har haka? Saboda inda babu shaida, sanda ce ke yin bincike. Mutum in ya sha wuya zai amsa har abin da aka yi kafin a haife shi. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa tun 1998. Doka ta ce a laifukan yau da kullum awa 48 ake tsare mutum don bincike, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa kawo hujja yana kan mai ƙara. Jami'in da ke da zanen yatsa a kati ba ya buƙatar ɗaga hannu a kan kowa, kuma talakan da ba shi da kowa a birni, irin yaron nan ɗan dako, wannan katin ne gatansa.

Saboda haka ga rabonmu na karatun, mu da ba mu je Yamai ba. In an wayi gari an yi ɓarna, a fara ceton mai rauni. Daga nan mutum ɗaya mai faɗa a ji, mai gari ko liman ko wani dattijo, ya tsaya a ƙofa ya ce kowa ya dakata. A kewaye wurin ko da igiyar guga ce, ko da ƙaya. A yi jajen daga waje, ladan bai ragu ba. Kada a share, kada a yayyafa ruwa, kada a ɗaga kwaɗo ko wuƙa ko kwalba. In akwai sawu a fili kuma iska tana kaɗawa, a kifa masa ƙwarya ko kwano ba tare da an taɓa shi ba. Mai waya ya ɗauki hoto daga inda yake tsaye, ya ajiye wa hukuma, kada ya watsa a WhatsApp, domin mamaci da iyalinsa suna da mutunci, ɓarawo kuma yana da waya. A kira jandarma da wuri. Wanda ya riga ya taɓa wani abu ya faɗa, ba laifi ba ne, sai a ɗauki zanen yatsansa a ware shi daga na wanda ake nema. Samari kuma, ƙannena, ku riƙe hannuwanku. Wanda kuke zargi ku miƙa shi ga hukuma da lafiyarsa.

Kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa, in aka yi zancen satar nan ba ya ambaton sukari ko batir, sai ya ce ina ma ya san inda yaron nan yake ya nemi gafararsa. Ni ma da na wanke kwalbar ina cikin masu neman gafarar.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman iyayenmu mata masu sammakon shara. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake shigar da ƙara, daga zauren mai gari har zuwa kotu. Allah ya tsare mu da sharrin dare da na rana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka. Na bar ku lafiya.

(Kiɗan rufe shiri.)